Muhawara: ta yaya furotin da ke rataye a gefe yake toshe kafar fotashiyam?

Zainab: Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa na wannan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya da muka shiga darasin kafofin fotashiyam na tantanin ƙwayar jijiya, na maimaita karatun har sau uku amma bai zauna mini ba. An koya mana cewa ginshiƙan furotin huɗu da ake kira alfa su ne suke haɗuwa su kewaye rami guda a tsakiyarsu, kuma ta wannan rami fotashiyam yake fita daga cikin ƙwaya idan lantarkin tantanin ya tashi daga wajen milibolt 70 ƙasa da sifili ya doshi sifili. Wannan na gane shi. Inda kaina ya ɗaure shi ne batun wani furotin dabam, wanda ake kira beta, da aka ce ba ya cikin tantanin ko kaɗan, yana rataye ne a ruwan cikin ƙwaya, amma kuma shi ne yake hana fotashiyam wucewa alhali lantarkin da ya buɗe kafar bai sauka ba. Tambayata biyu ce. Me ya raba wannan da rufewar kafa ta yau da kullum, kuma ta yaya abin da ke nesa da rami zai toshe ramin?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam, Zainab. Tambayarki ta farko ita ce gindin ta biyun, saboda haka da ita zan fara. Kafar tana da ƙyaure nata na kanta a bakinta na ciki, daidai inda ƙarshen sashe na shida na kowane ginshiƙi yake haɗuwa da na sauran ukun su tsuke hanya. Wannan ƙyaure lantarki yake bi. Idan lantarkin tantani ya tashi, sashe na huɗu, mai ɗauke da amino asid masu cajin fozitif, sai ya motsa ya ja ƙyauren ya buɗe, idan kuma lantarkin ya koma ƙasa sai ƙyauren ya koma mazauninsa. Wannan ita ce rufewa. A toshewa kuwa ƙyauren yana nan a wangale, wani abu ne ya shigo ya cushe hanyar, kamar yadda ake cusa tsumma a bakin magudanar ruwa. Kafar da ta rufe a shirye take ta sake buɗewa da zarar an kira ta, amma wadda ta toshe ba ta da amfani sai an sauke lantarkin, an kuma ba ta lokacin da abin da ya cushe ta zai fice.

Yadda aka gano haka yana taimakawa wajen riƙe shi. A ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1971 Clay Armstrong ya riƙa zuba wani sinadari mai suna TEA da danginsa a cikin ƙatuwar jijiyar sikwid, wata dabbar teku, ya lura cewa sinadarin ba ya iya shiga kafar fotashiyam sai bayan ta buɗe, kuma idan ya shiga sai kwararar ta yanke kamar kafar ce ta toshe da kanta. A 1973, shi da Francisco Bezanilla da Eduardo Rojas suka zuba enzayim mai narka furotin a cikin jijiyar, sai toshewar kafar sodiyam ta ɓace alhali buɗewarta na nan lafiya lau. Daga nan ne a 1977 Armstrong da Bezanilla suka kawo misalin ƙwallo da sarƙa, wato wani dunƙulen furotin da ke ɗaure da igiya a bakin kafa ta ciki, wanda yake lilo har ya faɗa ramin.

Hasashe ne kawai a lokacin, sai da aka samo ƙwayar gadon kafar Shaker a 1987 daga ƙudan 'ya'yan itace, wanda ƙafafunsa ke karkarwa idan an sa masa iskar "ether" mai gusar da hankali. A 1990 Toshinori Hoshi da William Zagotta da Richard Aldrich a Jami'ar Stanford suka datse wutsiyar farko ta ginshiƙin Shaker, daga amino asid na 6 zuwa na 46, sai kafar ta daina toshewa cikin hanzari. Suka kuma harhaɗa amino asid 20 na farko a kwalba, suka zuba su tsurarsu ta gefen ciki, sai toshewar ta dawo, da aka wanke kuma ta sake tafiya. Ki riƙe wannan da kyau, domin a nan amsar tambayarki take: tunda guntun da ba ya ɗaure da komai ya iya toshe kafar, ba dole ba ne wutsiyar ta zama ta ginshiƙin alfa. Ko ta aro ce za ta yi aiki.

Malam Isuhu: Malam Habibu, Allah ya ƙara sani. Ni malamin ilimin halittu ne a makarantar sakandare, kuma abin da nake so in fahimta shi ne ta ina aka san cewa akwai wannan mataimaki tun farko. Idan ba shi ne yake gina ramin ba, kuma kafar tana buɗewa tana rufewa ba tare da shi ba, me ya sa aka je nemansa?

Malam Habibu: Ba a je nemansa ba, Malam Isuhu, shi ne ya biyo sahu. Ƙungiyar Oliver Dolly a Landan tana amfani da wani dafi mai suna dendrotoksin, wanda ake samu daga koren macijin mamba na gabashin Afirka, domin kamo kafofin fotashiyam daga ƙwaƙwalwar shanu, saboda dafin yana manne musu gam. Duk lokacin da suka ciro kafar sai su tarar da wani ƙaramin furotin a liƙe da ita, bai kuma yarda ya rabu da ita ba. A 1994 aka karanto jerin amino asid ɗinsa, shi ne betan da ake kira Kvβ2, a wannan shekarar kuma suka haɗu da ɗakin binciken Olaf Pongs na Hambug a Jamus suka nuna aikin ɗan'uwansa, Kvβ1. Kafar Kv1.1, wadda take cikin dangin Shaker a dabbobi masu shayarwa, idan ita kaɗai ce takan buɗe ta daɗe tana zubar da fotashiyam muddin lantarki na sama. Da aka haɗa ta da Kvβ1 sai ta riƙa buɗewa tana toshewa kafin kashi ɗaya cikin goma na sakan ya cika. Da aka datse wutsiyar farkon Kvβ1 sai aikin ya tafi, kuma tsarin wutsiyar ya yi kama da na Shaker, wato kan gaba na amino asid masu gudun ruwa, biye da su masu cajin fozitif.

Ƙwayoyin gado uku ne suke samar da wannan dangi a jikin ɗan Adam. Kvβ1 da Kvβ3 suna da wutsiyar toshewa, Kvβ2 ba shi da ita, duk da cewa shi ne ya fi yawa a ƙwaƙwalwa. Beta huɗu ne suke haɗuwa su manne a ƙarƙashin alfa huɗu, ƙwallo huɗu ke nan ga rami ɗaya. Roderick MacKinnon da Aldrich sun nuna a 1993 a kan Shaker cewa ƙwallo ɗaya ta isa ta toshe kafa, sai dai kafa mai ƙwallo huɗu ta fi mai ɗaya saurin toshewa wajen ninki huɗu, domin kowace tana gwada sa'arta ita kaɗai.

Dakta Rabi: Assalamu alaikum. Malam Habibu ya shimfiɗa tarihin yadda ya kamata, amma ina ganin tambayar Zainab ta biyu tana nan ba a taɓa ta ba, kuma laifin na kalmar ƙwallo ne. Ni da so samu ne da an daina zana ta a allo, domin ita ce take jefa ɗalibai irin wannan ruɗani.

Zainab, ki tuna ragayar da iyayenmu mata suke rataye ƙwaryar nono da ita a ɗaka, igiyoyi sun sauko daga rufi sun riƙe ƙwarya a ƙasa, tsakanin igiya da igiya kuma fili ne. Haka ƙasan wannan kafa yake. Rufin shi ne tantani da ramin da ke cikinsa. Ƙwaryar ita ce wani dunƙule da ake kira T1, wanda sassan farko na ginshiƙan huɗu suke haɗuwa su yi, yana rataye da igiyoyin furotin huɗu daidai ƙarƙashin bakin ramin. Beta huɗun kuma a gindin ƙwaryar suke manne, wato sun fi ta nisa da rufi. Da aka fitar da siffar T1 a 1998 an ga ɗan rami a tsakiyarsa, amma ya yi ƙanƙanta ƙwarai, babu dunƙulen furotin da zai bi ta nan. Ke nan duk wanda ya ɗauka cewa ƙwallo tana tasowa daga ƙasa ta miƙe sak ta faɗa rami, ya ci karo da ƙwarya a hanya.

Hanyar ita ce filin da ke tsakanin igiyoyin, tagogi huɗu a gefe. A 2005 Stephen Long da Ernest Campbell da MacKinnon a Jami'ar Rockefeller suka fitar da siffar Kv1.2 ta ƙwaƙwalwar ɓera haɗe da Kvβ2, aka ga tagogin da ido, faɗin kowace ya kai wajen nanomita ɗaya da rabi zuwa biyu, bakinsu kuma cike da amino asid masu cajin negetif. Ta nan fotashiyam yake shiga ya kai bakin rami, ta nan kuma wutsiyar beta take bi. Tun kafin wannan, a 2001, Ming Zhou da abokan aikinsa a wannan ɗakin bincike sun riƙa sauya amino asid ɗaya bayan ɗaya a kan wutsiyar da kuma a bangon ramin, suna auna wane ne yake taɓa wane. Abin da suka samu shi ne 'yan amino asid na can kan gaba, uku ko huɗu, su ne suke shiga har cikin kogon da ke tsakiyar tantani, ƙarƙashin matacin da ke tantance fotashiyam daga sodiyam, daidai wurin da dangin TEA suke zama. Abin da zai kutsa wannan lungu dole ya kasance a warware, kamar zare a kafar allura. Mataki biyu ne: sashe mai cajin fozitif ya fara kama bakin taga, daga nan kan zaren mai gudun ruwa ya zura ciki ya kwanta a bangon kogon, wanda shi ma mai gudun ruwa ne. Babu inda ƙwallo ta fito a nan.

Malam Habibu: Dakta, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da kika faɗa ba, misalin ragaya kuma na karɓe shi hannu bibbiyu. Amma ba zan bari a yi wa ƙwallo da sarƙa jana'iza da wuri haka ba. Amfanin misali shi ne ya faɗa maka abin da za ka gani kafin ka gwada, kuma wannan misali ya yi haka sau da dama. Ya ce idan aka gajarta sarƙar toshewa za ta yi sauri, aka gwada aka tarar da haka. Ya ce idan TEA ya riga shiga daga ciki, wutsiyar za ta jira sai ya fita, a 1991 kuwa Choi da Aldrich da Gary Yellen suka nuna cewa TEA na ciki yana jinkirta toshewar. Ya ce fotashiyam da ke shigowa daga waje zai iya tunkuɗo abin da ya toshe, a wannan shekarar Demo da Yellen suka nuna cewa ƙara fotashiyam a waje yana gaggauta farfaɗowar kafa. Har ma an ga kafar tana ɗan zubar da fotashiyam a lokacin farfaɗowa, domin ƙyauren ba ya iya rufewa sai wutsiyar ta janye. Ɗalibin da ya riƙe waɗannan huɗu ya fahimci aikin, ko da zanensa na ƙwallo ne. Sunan ya tsufa, amma lissafinsa bai tsufa ba.

Dakta Rabi: Lissafin na yarda da shi, Malam, zanen ne nake ƙorafi a kai. Gani ya kori ji, kuma a 2020 ƙungiyar Crina Nimigean a Niyok ta ɗauki hoton kafar MthK ta wata ƙwayar halitta mai rayuwa a zafi, da madubin ilektiron mai daskarar da samfuri, aka ga wutsiya guda ɗaya zure a cikin buɗaɗɗen rami. Ita wannan wutsiyar kafar ce ta kanta, ba ta mataimaki ba, amma wurin zamanta shi ne wanda aka yi hasashe.

Zainab: Na gode, Malam, na gode, Dakta. Yanzu na ga hanyar da wutsiyar take bi. Sai dai a littafinmu an ambaci toshewa iri biyu, ta N da ta C, an ce ta C a bakin waje take faruwa. Shin beta yana da hannu a ita ma, ko kuwa kowace harkarta dabam?

Dakta Rabi: Yana da hannu, amma ta bayan gida. Wadda muke magana a kai tun ɗazu ita ce ta N, an sa mata sunan ne saboda wutsiyar tana gefen furotin da ake kira N. Ta C kuwa, wadda su Hoshi suka bayyana a 1991, a matacin kansa take faruwa: matacin yana sauya siffa har ya kasa wucewa da fotashiyam, kuma yawanci ta fi ta N jinkiri sosai. Abin da yake riƙe matacin a daidai siffarsa shi ne fotashiyam ɗin da ke jere a cikinsa. Idan wutsiyar beta ta toshe kogon daga ciki, sabon fotashiyam ba ya isowa, wanda ke cikin matacin kuma ya zarce waje inda yawansa bai wuce milimola 4 zuwa 5 a lita ba, alhali a cikin ƙwaya ya kai wajen 140. Matacin da ya zama fanko sai ya yi saurin lanƙwashewa. Thomas Baukrowitz da Yellen ne suka nuna wannan alaƙa a 1995. Abin da ya biyo baya yana da muhimmanci, domin kafar da ta faɗa toshewar C takan daɗe kafin ta farfaɗo, saboda haka wutsiyar da ta shiga na ɗan lokaci tana iya jawo wa kafar doguwar jinya.

Nasiru: Malamai, ku ba ni dama in shigo da abin da ya fi ba ni mamaki, wanda har yanzu ba a ambata ba. Ni harhaɗa magunguna na karanta, kuma ranar da na fara ganin siffar beta na ɗauka an yi kuskuren hoto ne. A 1999 Jacqueline Gulbis da Sabine Mann da MacKinnon suka fitar da ita, sai ga shi gangar jikin beta enzayim ce sak, daga dangin masu sarrafa aldehaid da kiton, kowane ɗaya rungume da ƙwayar NADPH a cikinsa, wato sinadarin da ke ba da ilektiron ya koma NADP+. Da walakin goro a miya. In don toshewa ne kawai, guntun zare mai amino asid 20 ya wadatar, me zai sa jiki ya ɗora wa zaren enzayim sukutum, ya kuma adana shi tun daga ƙuda har zuwa mutum?

Ɗakin binciken Ming Zhou a Jami'ar Kolombiya ya nuna a 2006 cewa enzayim ɗin yana aiki da gaske, daga baya kuma suka nuna cewa idan NADPH da ke jikin Kvβ1 ya koma NADP+, toshewar tana raguwa, kwararar fotashiyam ta ƙaru. A 2008 suka nuna cewa maganin kotizon yana iya ɓamɓare beta daga jikin kafar, toshewar ta sassauta. Sai kuma aikin ɗakin binciken Gero Miesenböck a Okusfod a 2019. Ƙudan 'ya'yan itace yana da nasa beta mai suna Hyperkinetic, kuma tun da farko an san cewa ƙudan da ya rasa shi ko ya rasa Shaker barcinsa kaɗan ne. Suka nuna cewa idan aka hana ƙuda barci, guggubin aikin mitokondiriya, wato sassan da ke samar wa ƙwaya kuzari, yana taruwa a ƙwayoyin jijiyar da ke kawo barci, NADPH na beta ya koma NADP+, toshewar Shaker ta yi jinkiri, ƙwayoyin su ƙara yawan bugawa, ƙuda ya yi barci. A ganina ainihin aikin beta ke nan, ma'auni ne da yake gaya wa kafa halin da ƙwaya take ciki, toshewar kuma ita ce harshen da yake magana da shi.

Malam Habibu: Nasiru, ka yi gudu ka bar hujjarka a baya. Aikin ƙudan yana da kyau, na kuma yarda cewa a waɗannan ƙwayoyi abin haka yake. Amma ka lura cewa Hyperkinetic ba shi ne mai wutsiyar ba, ta Shaker ce, shi dai yana sauya saurinta. Sannan beta enzayim ne mai nawa ƙwarai idan aka gwada shi da danginsa, yana kuma riƙe NADPH ɗinsa tamau ba ya son saki. Abu mai irin wannan hali zai dace da auna abin da ke taruwa cikin sa'o'i, kamar bashin barci, amma bai dace da jijiyar da ke bugawa sau ɗari a sakan ba. Ga kuma Kvβ2, wanda ba shi da wutsiya, amma ƙungiyar James Trimmer ta nuna a 1996 cewa yana kama ginshiƙan alfa tun suna cikin masana'antar ƙwaya, yana taimaka musu su kai tantani da yawa. Furotin guda yana iya yin aiki uku, ba sai mun naɗa ɗaya sarki mun mai da sauran bayi ba.

Dakta Rabi: Ni a tsakaninku nake, amma bari in ƙara wa Nasiru hujjar da bai kawo ba, wadda na sha wuya kafin in koye ta. Lokacin da nake karatu a wani ɗakin bincike a Jamus, aikina shi ne auna Kv1.1 da Kvβ1.1, wani nau'i na Kvβ1, a ƙwan kwaɗon Xenopus. Ƙwan bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba, rabinsa ruwan ƙasa rabinsa fari-fari, za ki zauna gaban madubin ƙara girma ki tsince masu kyau, ki yi wa kowane allurar RNA, wato saƙon da ƙwan zai karanta ya ƙera furotin ɗin, da bakin gilashi siriri, ki ajiye su a sanyin digiri 18 kwana biyu ko uku. Idan na auna ƙwan yana ɗungurungum, layin da ke kan allon kwamfuta yakan yi tsalle sama ya zubo nan take, alamar toshewa tana aiki. Amma da na ɓare fatar ƙwan da hantsaki, na manna bakin gilashi na fizgo ɗan yankin tantani, gefensa na ciki ya fuskanci ruwan kwano, sai in ga zubowar tana raguwa a gabana, cikin 'yan mintoci layin ya miƙe kamar ba a taɓa sa beta ba. Na yi mako biyu ina zargin RNA ɗina, har na sake haɗa sabo. Wata abokiyar aiki ce ta leƙo ta tambaye ni ko na sa DTT, sinadarin da ke mayar wa furotin ilektiron ɗin da ya rasa, a ruwan. Ban sa ba. Na ɗiga shi, ban ko janye hannuna ba layin ya fara zubowa kamar da.

Dalilin shi ne amino asid na 7 a wutsiyar Kvβ1.1 sistin ne. A cikin ƙwaya wani sinadari mai suna gulutatayon yana kare shi, amma a ruwan da iska ke taɓawa yana rasa ilektiron ya ƙulle da wani sistin, wutsiyar ta maƙale ta kasa kai wa rami. Tun 1991 Peter Ruppersberg da abokansa suka ga irin haka a wutsiyar Kv1.4. Ke nan ko an ajiye batun NADPH gefe, zaren kansa yana jin halin ƙwaya.

Dakta Auwal: Assalamu alaikum. Ina bin muhawarar tun farko, kuma a matsayina na mai duba masu ciwon zuciya ina so in ja hankalin Zainab kada ta fita da tunanin cewa duk mataimaki toshewa yake kawowa. A zuciya sau da yawa akasin haka ne. Kafar Kv4.3 ita ce take ba da 'yar gajeruwar kwararar da ke sauke lantarki kaɗan jim kaɗan bayan farkon kowane bugu. Mataimakinta KChIP, wanda aka gano a 2000, furotin ne mai kama kalsiyam, kuma maimakon ya ba da wutsiya sai ya kama wutsiyar Kv4 ya cusa ta a wani kwari da ke jikinsa ya riƙe. Da haka farkon toshewar yakan yi jinkiri, farfaɗowa kuma ta yi sauri ninki da yawa, wanda shi ne abin da zuciya take buƙata, domin dole kafar ta shirya kafin bugu na gaba. A 2001 aka cire KChIP2 daga ɓeraye, sai wannan kwarara ta ɓace gaba ɗaya, zuciyarsu ta zama mai saurin rikicewa. A zuciyar mutum da zuciyar kare, KChIP2 ya fi yawa a bangon waje fiye da na ciki, yana kuma raguwa idan zuciya ta gaza.

Na biyu shi ne KCNE1, ɗan ƙaramin furotin da ya ratsa tantani sau ɗaya. Kafar KCNQ1 ita kaɗai tana buɗewa da sauri ta ɗan toshe, amma da KCNE1 ya shigo sai buɗewar ta koma a hankali, toshewar kuma ta kau. A 1996 aka tabbatar cewa haɗin nan ne yake ba da kwararar da ke taimaka wa zuciya ta sauke lantarki idan tana gudu. Idan ɗayansu ya lalace, tazarar QT a takardar gwajin zuciya, wato lokacin da lantarkin bugu yake ɗauka daga tashi zuwa sauka, takan tsawaita, wanda kuma ya gaji lalacewar daga uwa da uba yakan haɗa da kurumta, ciwon da Jervell da Lange-Nielsen suka bayyana a wani iyali a Norwe a 1957.

Zainab: Allah ya saka da alheri. Bari in gwada ko na gane. Idan kafa tana da Kvβ1 guda ɗaya da Kvβ2 guda uku, wutsiya ɗaya ke nan, saboda haka za ta toshe, amma saurin zai zama wajen rubu'in na mai Kvβ1 huɗu. Idan kuma jijiya tana bugawa a jere ba hutu, kafofin da suka toshe ba za su sami lokacin farfaɗowa ba, za su yi ta taruwa, fotashiyam mai sauke lantarki ya ragu, kowane bugu ya fi na baya faɗi. Haka ne, Malam?

Malam Habibu: Haka ne, kuma an auna duka biyun. An nuna cewa Kvβ2 yana gasa da Kvβ1 a kan mazauni ɗaya a jikin T1, yana rage toshewar. Faɗaɗar bugu kuma Jörg Geiger da Peter Jonas sun auna ta a 2000 a ƙarshen wata jijiya ta sashen hifokamfas na ƙwaƙwalwar ɓera, inda bugun da ya faɗaɗa ya bar kalsiyam da yawa ya shiga, saƙon da ke tsallakawa zuwa ƙwaya ta gaba ya ƙara ƙarfi. Ɓerayen da aka cire wa Kvβ1.1 a 1998 an tarar wannan faɗaɗa ta ragu a ƙwayoyin hifokamfas ɗinsu.

Gyara ɗaya zan yi wa lissafinki. Kin ƙirga wutsiyoyi, ba ki duba ginshiƙan ba. A ƙwaƙwalwa ginshiƙan dangin Kv1 cakuɗuwa suke yi a kafa ɗaya, kuma Kv1.6 yana da wani yanki a farkonsa, mai yawan cajin negetif, wanda Jochen Roeper da su Pongs suka nuna a 1998 cewa yana hana wutsiyar Kvβ1 aiki, ko da Kv1.6 ya cakuɗu da wasu ginshiƙan. Saboda haka kafin ki raba da huɗu, ki fara tambaya ko Kv1.6 yana cikin ginshiƙan kafar da ake magana a kai.